Yadda Mace Za Ta Auna Yawan Nau'o'in Abincinta A Yini

An sha tambayata yadda mace za ta gane ko cimarta ta wadatar, alhali kuɗin cefane bai taka kara ya karya ba. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tanadi ma'auni ga mata masu shekara 15 zuwa 49, wato cin aƙalla 5 cikin rukunan abinci 10 a yini.

1. Ki rubuta duk abin da kika ci jiya, daga safe har dare.

2. Ki fayyace kayan da aka haɗa a kowane girki.

3. Ki soke mai, sukari da kayan ƙamshi, domin ba a ƙirga su.

4. Ki soke duk abin da bai kai giram 15 ba, wato kimanin babban cokali ɗaya.

5. Ki sanya sauran a rukuninsu: hatsi da saiwoyi, dangin wake, gyaɗa da ƙwayoyi irin su riɗi, madara, nama da kifi, ƙwai, ganye mai duhun kore, kayan lambu da 'ya'yan itatuwa masu bitamin A kamar karas, sauran kayan lambu, sauran 'ya'yan itatuwa.

Gargaɗi: a nan aka fi kuskure, domin shinkafa, masara da burodi duk rukuni ɗaya ne, ko da sau uku aka ci su.

6. Ki ƙirga rukunan.

7. Idan ba su kai 5 ba, ki ƙara mafi araha cikin waɗanda suka ɓace, wanda galibi wake ne ko ganye.