Yadda Ake Haɗa Kwaɓin da Ke Fitar da Launi Ba Tare da Rini Ba

Duk wanda ya taso a Garwa, a arewacin Kamaru, ya san auduga, amma ba kowa ya san cewa selulos, sinadarin da ke cikin zarenta, yana iya fitar da launi da kansa ba. A masana'anta ana sarrafa selulos da sinadarin furofilin oksayid a sami farin gari mai suna HPC, wanda ake sa wa a ƙwayoyin magani. A 1976 masana kimiyya biyu, Werbowyj da Gray, suka nuna a Kanada cewa idan ya yi kauri cikin ruwa yana zama ruwan kiristal: yana malala, amma ƙananan ƙwayoyin sinadarinsa, da ido ba ya gani, a jere suke. Ina ganin ya kamata kowane malamin kimiyya a lise, wato makarantar sakandare, ya gwada wannan da ɗalibansa.

Ka sayi garin wajen masu kayan ɗakin gwaji. Auna giram 6.5, ka zuba a ƙaramar kwalba, ka ƙara tataccen ruwa giram 3.5. Awon nan shi ne komai, don haka ka ari ma'aunin maƙerin zinari in ba ka da naka. Juya har ya yi danƙo kamar ƙaro, ka rufe ruf, ka bar shi kwanaki har kumfar ta fita.

Sai ka ɗibi kaɗan ka matse tsakanin gilashi biyu, ka ɗora a kan baƙin ƙyalle. Kore ko ja zai bayyana. Dalili kuwa, ƙwayoyin sun jeru hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan karkace daga na ƙasansa kamar igiyar da aka tufka. Tsawon murɗawar ne ke zaɓar launin da zai dawo ido. In ruwa ya yi yawa, murɗawar ta yi tsawo, sai ja. In ya ragu, sai shuɗi. Shi ya sa gefen da ke bushewa ke fara yin shuɗi. Danna da yatsa ma, za ka ga launin ya matsa wajen shuɗi.

A kula da zafi. Wajen digiri 40 kwaɓin yana yin fari kamar kindirmo, launin ya ɓace, kuma ranar Afrilu a Garwa ko Marwa tana wuce haka. Yi gwajin da sassafe ko lokacin hunturu, ka ajiye kwalbar a gindin randa.