Kurakuran da sababbin masu shagon sutura suka fi yi wajen sarin kaya

Wanda zai buɗe shagon sutura a karon farko yakan ƙarar da tunaninsa a kan fenti da gilashi da fitilu da sunan da zai rubuta a allo, sai ranar da ya shiga Kantin Kwari da jarinsa a hannu ya tarar cewa aikin da ya fi nauyi bai ko fara shirya masa ba. A wajen sari ake yanke makomar shago, domin kayan da aka saro daidai kan sayar da kansu, waɗanda aka saro bisa kuskure kuwa babu daɗin bakin da zai fitar da su. Abin da ya kamata mai sari ya fi tsoro shi ne kwantai, wato kuɗin da ya zama kaya ya kwanta a kanta ya ƙi komawa kuɗi, kuma kusan duk kurakuran da ke tafe a nan suke ƙarewa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya saro abin da yake so wa kansa. Matar da ta saba sanya leshi mai tsada da abaya mai duwatsu takan cika shagonta da irinsu, alhali shagon yana unguwar da yawancin masu shigowa ɗalibai ne ko matan ƙananan ma'aikata, waɗanda abin da suke nema doguwar riga ce mai sauƙin kuɗi da mayafin da zai shiga da kaya uku ko huɗu. Kayan da ke tafiya a shagunan Zoo Road ba lallai su tafi a Kurna ba, ko da yake duk Kano ce. Gyaran wannan ba ya cin ko kwabo. A ajiye littafi a kan tebur, duk wanda ya tambayi abin da babu a rubuta abin da launinsa da kuɗin da ya nuna zai iya biya, kuma kafin a tafi sari a karanta littafin. Wanda bai buɗe shago ba tukuna ya zauna da teloli biyu ko uku na unguwar, domin tela ya fi kowa sanin irin yadin da ake kawo masa da wanda aka daina kawowa.

Na biyu shi ne zuba jari gaba ɗaya a sarin farko don kada shago ya yi kama da kango. Ana fahimtar dalilin, amma sarin farko gwaji ne, kuma ba a gwada zurfin ruwa da ƙafa biyu. Idan mako uku suka wuce aka ga cewa launi ɗaya na atamfa ya ƙare ana ta tambayarsa, wanda ya kashe kuɗinsa duka ba shi da abin komawa kasuwa, sai ya zauna yana kallon sauran kayan da ba a taya ba. A ganina abin da ya fi dacewa shi ne a raba jari kashi uku, a yi sarin farko da kashi ɗaya ko fiye da haka kaɗan, a riƙe ɗaya don ƙaro abin da ya karɓu, na ƙarshe kuma ya tsaya don haya da wuta da albashin yaron shago. A sarin farko a yawaita iri a rage adadi, turmi biyu ko uku daga kowane zane, sannan a sari na biyu a zurfafa a kan wanda ya nuna yana tafiya. Babban dila zai ce idan an ɗauki hamsin akwai ragi, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ragin naira ɗari biyar a kan turmi ba ya biyan asarar turmi talatin da suka shekara a kanta.

Inda na fi ganin sababbi suna faɗuwa, kuma inda ya cancanci a daɗe, shi ne lissafin lokaci. Kasuwar sutura a ƙasar Hausa tana bin kalandar Musulunci fiye da ta Turawa, kuma ƙaramar salla ita ce babbar kakarta. Amma kayan salla ba a rana ɗaya suke tafiya ba. Atamfa da shadda da leshi da yadin maza ana sayensu ne tun daga Sha'aban zuwa farkon azumi, saboda dole a kai wa tela, teloli kuma sukan rufe karɓar ɗinki tun azumi bai yi nisa ba. Wanda shaddarsa ta iso a goman ƙarshe ya makara, ko da kuwa ita ce mafi kyau a gari. Goman ƙarshe lokacin kayan da aka riga aka ɗinka ne: abaya, dogayen riguna, kayan yara, takalma, jakunkuna, huluna da mayafai, waɗanda ake saye har daren salla. Babbar salla kuwa ba ta kai ƙarama cinikin sutura ba, domin kuɗin magidanta ya tafi wajen rago, kuma wanda ya yi mata sari daidai da na ƙarama zai kwana da kaya.

Ga mai yin oda daga waje akwai ƙarin lissafi. Azumi yana matsowa da kwana goma ko sha ɗaya a kowace shekara, saboda haka ranar da aka yi oda bara ba ta da amfani bana. A waɗannan shekarun ma azumin ya zo ya haɗu da sabuwar shekarar Sin, lokacin da masana'antu da kasuwannin Guangzhou ke rufewa na makonni ma'aikata su tafi garuruwansu. A 2026 bikin nasu ya kama 17 ga Fabrairu, azumi kuma ya fara kwana ɗaya ko biyu bayan haka. Kayan da aka ɗoro a jirgin ruwa sukan ci wata biyu ko fiye kafin su fito daga tashar Legas su iso Arewa, don haka duk wanda yake son kayan salla daga Sin ta ruwa sai ya ƙirga wata huɗu baya daga ranar da yake son ganinsu a shago. Idan lokaci ya ƙure sai jirgin sama, wanda ake biya da kilo, kuma hakan yana yiwuwa ga mayafai da 'yan kunne amma yana cinye ribar takalma da kaya masu nauyi. Haka rigunan sanyi, in ba su iso a Nuwamba ba, to hunturu zai wuce ya bar su, su jira wata shekarar.

Sai batun girma. Lambobin da ake gani a jikin abaya, 52 da 54 da 56 da 58 da 60, tsayin rigar ne da inci, ba faɗinta ba, kuma sababbi da yawa sukan ɗauki adadi ɗaya daga kowace lamba kamar mutane a jere suke daidai wa daida. Na tsakiya su ne ke fara ƙarewa, na gefe biyu su rage. Kayan Sin kuma yankansu ƙanana ne, abin da suka rubuta wa babba yakan zama matsakaici a jikin matanmu, yayin da kayan Turkiyya ke bin lambobin Turai. Kada a dogara da harafin da ke wuyan riga. A nemi awon ƙirji da ƙugu da tsayi da tsawon hannu a rubuce, a gwada da tef, sannan bayan wata uku a duba littafin ciniki a ga lambobin da suka fi fita a yi sari na gaba a kansu.

Kuskure na gaba a lissafin kuɗi yake, kuma shi ne wanda ke kashe shago a ɓoye, mai shi yana ganin ciniki yana murna. Kuɗin kaya ba shi ne abin da aka biya dila kawai ba. A ɗauka an sayi abaya a kasuwar Deira ta Dubai a kan abin da ya yi daidai da naira dubu ashirin. Kafin ta hau hanga a shago akwai la'adar wanda ya saya, da kuɗin kargo, da na kwastan, da motar da ta kawo ta, da ɗan dako, da leda, da bambancin canji, kuma ba abin mamaki ba ne ta tsaya a dubu ashirin da bakwai. Wanda ya sa mata dubu ashirin da takwas yana zaton ya ci takwas, alhali ɗaya ya ci, ita ma haya za ta lashe ta. A rubuta kowane kashewa a raba shi a kan adadin kayan kafin a yanka farashi, a kuma bar sarari don tayi, tunda mai saye a nan ba ya biyan kuɗin farko da aka faɗa masa.

Wani ɓangaren wannan shi ne sayarwa a kan farashin da aka saro maimakon farashin da za a sake sarowa. Waɗanda suke kasuwa a 2023 sun ga misalinsa da idonsu. A watan Yuni na shekarar aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 700, a farkon 2024 kuma ta haura 1,500. Masu shagon da suka ci gaba da sayarwa a tsohon farashi sun ga riba a littafi, amma da suka koma sari kuɗin kaya goma bai sayi shida ba. Kafin a sa farashi, ko a sabunta shi, a tambayi 'yan canji na Wapa yadda dala take, a kuma kira dila a ji nawa kayan suke a yau.

Game da inganci, sabon mai sari yakan yarda da suna da kwali. Atamfar Vlisco da ake bugawa a Helmond ta ƙasar Holan da shaddar Getzner da ake saƙawa a Bludenz ta ƙasar Ostiriya suna cikin kayan da aka fi kwaikwaya, kuma kwaikwayon ya kai matsayin da tambari da takardar da aka manna ba su isa shaida ba. Atamfar kakin gaske launinta yana ratsa fuska biyu kusan daidai, mai arha kuwa bayanta yakan yi fari-fari. Shadda mai kyau auduga ce, tana da nauyi a hannu, ƙyallinta kuma ba ya gushewa a wanki na farko. Hanya mafi tabbas ita ce a sayi guda ɗaya, a yanki ƙyalle a jiƙa da sabulu a ga ko yana zuba ko yana tsukewa, a kuma auna turmin a tabbatar yadi shida ne cif, domin akwai waɗanda ke zuwa da gibi, sai tela ya tona asiri a gaban mai kaya. Babu laifi a sayar da atamfar Hitarget ko shadda mai daraja ta biyu, yawancin ciniki ma a nan yake. Laifin shi ne a saye ta da kuɗin ta asali, ko a sayar da ita da sunan ta asali, musamman ga masu haɗa lefe, waɗanda kayansu za su bi ta hannun dangin amarya da suka san kaya, kuma in suka gano, har sunan shagon za a ambata.

Oda daga hoto ita ma ta cinye jarin mutane da dama. Hoton da ake turowa ta WhatsApp ko wanda ke shafin 1688, wato shafin intanet na sarin kayan Sin, an ɗauke shi ne da haske mai kyau a jikin wadda aka zaɓa, kuma ba ya nuna kaurin yadi, ba ya nuna ko rigar shara-shara ce, ba ya nuna ko roba ce da ba za ta sawu a zafin Afrilu ba. Kafin a yi oda mai yawa a nemi samfur ko da an biya shi da tsada, a nemi bidiyon kayan a hasken rana, kuma kada a tura wa wanda ba a taɓa hulɗa da shi ba kuɗi gaba ɗaya. Wanda jarinsa bai taka kara ya karya ba ma bai kamata ya fara da Dubai ko Laleli ta Istanbul ba, tunda kuɗin tikiti da biza da masauki kaɗai sun isa cika kanta guda. Kwari da Sabon Gari suna da abin da zai ishe shi koyo, inda zai taɓa kaya da hannunsa, ya zaga layi uku ya ji farashi kafin ya ciro kuɗi, ya kuma mayar da abin da ya samu da aibi.

Ko an kiyaye duk wannan, wasu kayan za su kwanta, kuma kuskuren ƙarshe shi ne ƙin rabuwa da su. Mai shago yakan ce ba zai faɗi ba, sai ya riƙe riga wata takwas yana jiran wanda zai biya cikakken kuɗi, yayinta yana wucewa, rana tana cin kafaɗarta ta gilashi. A rubuta ranar shigowar kowane kaya a jikin takardar farashinsa da wata alama da mai shago kaɗai ya gane. Abin da ya kai wata uku bai motsa ba a sauya masa wuri, a sa wa 'yar tsana, a haɗa shi da mayafi ko jaka. In ya ƙara wata ɗaya a karya farashinsa, ko da uwar kuɗi kawai za a mayar, a juya kuɗin a kan abin da ake tambaya. Atamfa da shadda suna da haƙuri, za su iya jiran lefe ko anko, amma ɗinkakkun kaya masu bin yayi ba sa jira. Kada kuma a mayar da kwantai bashi a hannun 'yan uwa da ƙawaye da sunan an rage kaya, domin a lokacin kayan sun fita, kuɗin bai shigo ba, kuma tambayarsa ta zama abin jin nauyi. Waɗanda aka yanke shawarar ajiyewa a ɗaga su daga ƙasa a kan katako, a nisanta su da bango mai laima, domin ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a daminar 2022 ta lalata dilolin kaya masu yawa, kuma waɗanda ke ajiye a ƙasa ruwan ya fara samu.