Kafin a buga tambarin jami'a a riga

Ɗaliban Jami'ar Marwa masu shirin buga riguna don bikin kammala karatu, ga yadda za ku bi.

1. Ku rubuta wa shugaban jami'a takardar neman izini, ku faɗi yawan rigunan da dalilin bugawa. In sayarwa za ku yi, ku faɗa tun farko, don nan rigima take tashi.

2. Ku karɓi ainihin tambarin daga hukumar jami'a. Wanda ake kwasowa a Facebook yakan fito dishi-dishi.

3. Ku gargaɗi mai bugawa: kada ya canza launi, kada ya miƙe shi, kada ya cusa sunan ƙungiyarku a ciki. Sunan ya zauna gefe.

4. A buga ɗaya tukuna, a kai a duba.