Doguwar Wayar USB da Na'urorin Gwaji: Kurakuran da Aka Fi Yi

Idan osiloskop (na'urar da ke nuna zanen siginar lantarki) ko na'urar nazarin sigina tana aiki lafiya da gajeriyar waya, amma da an sa mata jona, wato wayar ƙarin tsawo, sai ta riƙa ɓacewa tana dawowa a kwamfuta, kada a fara da goge direba, wato manhajar da kwamfuta ke sarrafa na'urar da ita. Wayar za a bincika.

Kuskure na farko shi ne manta tsawo. Iyakar USB 2.0 mita 5 ce, domin an ba sigina nanosakan 26 kacal ta ratsa wayar. Wayar da ta zo da na'urar tana cikin lissafin: mita 1.5 da jona mai mita 5 sun zama 6.5, an riga an wuce. USB 3.0 kuwa a aikace ba ta wuce wajen mita 3.

Amma abin da ya fi cin mutane shi ne raguwar wuta. Jona mai araha galibi da siririyar waya lamba 28 AWG (ma'aunin kaurin waya) ake yin ta, kowace mita tana da turjiyar kusan ohm 0.21. Wuta zuwa take yi ta dawo, don haka jona mai mita 5 tafiyar mita 10 ce, wato ohm 2.1. Na'ura ta ja 500mA, sama da 1V ya salwanta a hanya, 5V ya koma ƙasa da 4V. Shi ya sa kwamfuta ke ganin na'urar tana zaune, amma da an danna fara awo ta ja wuta sosai, sai ta yanke. A sa ƙaramar mitar USB a ƙarshen jonar, a duba yayin da ake awon, ba lokacin hutu ba. In ƙarfin wutar ya faɗi ƙasa da 4.4V, an kama ɓarawon. A nemi wayar da aka rubuta 24 AWG a jikinta, asarar za ta koma wajen 0.4V. Mafi inganci, a ajiye hob (na'urar ƙara yawan ramukan USB) mai cajarsa daban kusa da na'urar, ba kusa da kwamfutar ba.

Jona mai ƙara ƙarfin sigina tana magani, sai dai yawancinsu hob ne a ciki, kuma biyar kawai aka yarda a jera.

Akwai kuma wayar ƙasa, wadda ba ta wasa ba ce. A yawancin osiloskop na USB, maƙalen ƙasa na bakin awo a haɗe yake da ƙasar kwamfuta. In kwamfuta da abin da ake gwadawa suna kan soket daban-daban, bambancin wuta zai bi ta wayar USB, ya kawo hayaniya ko ya ƙone ramin USB na kwamfutar. A haɗa su kan soket ɗaya, ko a sa na'urar raba ƙasa. A kula da saurinta: masu araha da yawa 12Mbit/s suke tsayawa, alhali na'urar da ke kwararo bayanai kai tsaye 480Mbit/s take buƙata. Haka ma masu tura USB ta wayar Cat5, irin wayar haɗa kwamfutoci.

A Windows, a kashe tsarin kwantar da ramukan USB don tsimin wuta, yana yanke dogon awo cikin dare. In nisan ya wuce mita 10 kuma na'urar tana da ramin LAN, inda ake sa wayar haɗa kwamfutoci, a koma can, yana kai mita 100.