"Lose" da "loose": harafi ɗaya da ke sauya magana

Daren 11 ga Fabrairu 2024, bayan Kodebuwa ta ci Najeriya 2 da 1 a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Abijan, na leƙa Facebook, sai na yi ta cin karo da "we loose" daga bakin mutanen da na san sun yi karatu sosai. Ya dame ni, domin kuskuren ba ya tsayawa a hirar ƙwallo. Yana bin mutum har takardar neman aiki da ɗakin jarrabawa.

"Lose", mai "o" ɗaya, aikatau ce. Tana nufin a rasa abu, ko a ɓatar da shi, ko a sha kaye a wasa ko zaɓe. Ana furta ta "luuz", ƙarshenta "z". Idan abin ya riga ya faru sai ta koma "lost", don haka abin da ya dace a rubuta a daren nan shi ne "we lost".

"Loose", mai "o" biyu, galibi sifa ce, kuma ana furta ta "luus". Tana bayyana abin da ya yi sako-sako ko bai ɗauru ba: haƙorin yaro da ke girgiɗi, noti da bakanike bai ɗaure da kyau ba, wandon da ya yi wa mutum yawa, akuyar da ta kwance daga turke. Idan kana son ka ce a sassauta abu, "loosen" za ka ce.

Mai yin kuskuren nan ba sakarci ya yi ba. Ya san "choose", wadda ake rubutawa da "o" biyu kuma take ƙarewa da sautin "z", sai kunnensa ya ce masa "lose" ma haka take. Turawan kansu suna faɗawa wannan rami. Wayar hannu kuma ba ta ja maka layi a ƙasa, tunda duka biyun kalmomi ne na gaske. Mu a Hausa mun saba rubuta "gari" ɗaya, mai karatu ya gane daga jimla ko na tuwo ake nufi ko na zama. A nan Turanci bai ba da wannan sauƙi ba, rubutun ne ke ɗauke da ma'anar.

Ga dabarar da nake ba ɗalibaina: kalmar da ke nufin rashi ita ce ta yi rashin "o" ɗaya. Wadda ta yi sako-sako kuwa, har wuri ya rage mata na "o" ta biyu. Kafin ka rubuta, ka mayar da jimlar Hausa a zuci. In "rasa" ko "faɗi" ta fito, "o" ɗaya ce. Mai son rage ƙiba "lose weight" zai rubuta.

Inda na fi roƙon a kula shi ne saƙon ta'aziyya. Akwai ta uku, "loss", wadda suna ce, ma'anarta rashi ko asara. Wanda aka yi wa rasuwa "sorry for your loss" ake rubuta masa, ba "lost" ba, ba "loose" ba. In hannunka na rawa a kan harafin, rubuta masa "Allah Ya jiƙan rai, Ya ba ku haƙuri."