Yadda Ake Auna Lalacewar Hanyar Jijiyoyi a Cutar ALS

Cutar ALS tana lalata jijiyoyin motsi kashi biyu: na sama, waɗanda ke saukowa daga ƙwaƙwalwa zuwa laka, da na ƙasa, waɗanda ke fita daga laka zuwa tsoka. Gwajin allura na EMG, wanda ke auna lantarkin da ke cikin tsoka, yakan tona lalacewar na ƙasan, amma ta na saman takan ɓuya, musamman idan tsoka ta riga ta zube.

A fara da hoton MRI na kai da wuya, domin a tabbatar ba ƙari ko matsewar laka ba ne ke kwaikwayon cutar. Daga nan a ɗauki hoton DTI, wanda ke bin tafiyar ruwa a cikin zaren jijiya. A lafiyayyen zare ruwan yakan bi hanya ɗaya, idan kuwa zaren ya lalace sai ya watsu ko'ina.

Sai gwajin TMS, wato zaburar da ƙwaƙwalwa da maganaɗisu daga wajen kai, wanda Anthony Barker da abokan aikinsa suka gabatar a Sheffield ta Ingila a 1985. Kafin komai, a tambayi majinyaci ko yana da farfaɗiya ko wani ƙarfe a kansa. A manna wayoyin ɗaukar sigina a tsokar gindin babban yatsa, sannan a ɗora faifan maganaɗisun a gefen kan da ba na hannun ba, tunda hanyar jijiyar tana tsallakawa ɗaya ɓarin kafin ta shiga laka. Za a ji ƙas, yatsan ya zabura. A auna lokacin da saƙon ya ɗauka kafin ya isa tsokar, a maimaita da faifan a wuya, a cire lokaci na biyu daga na farko. Abin da ya rage shi ne jinkirin saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da laka. Tsawaitarsa, ko rashin amsa gaba ɗaya, alamar lalacewa ce, kodayake a ganina bai kamata a karanta sakamakon ba sai an haɗa shi da abin da likita ya gani a jikin majinyaci.