Yadda za ka koyi Sinanci ta hanyar zama cikin Sinawa

Akwai ɗan kasuwar da ya shekara goma yana zirga-zirga tsakanin Kano da Guangzhou, amma Sinancinsa bai wuce "ni hao", wato sannu, da "tai gui le", wato ya yi tsada, ba. Dalili kuwa shi ne a unguwar Xiaobei yake sauka, cikin 'yan gida, da tafinta a gefensa, ciniki kuma da kalkuleta. Kai da ka ƙudurta koyon harshen, ga yadda za ka bi.

Ka fara tun kana gida. Wata biyu ko uku kafin tafiya ka koyi pinyin, rubutun Sinanci da baƙaƙen boko, tare da karin sauti guda huɗu. A nan Bahaushe ya ci riba, domin kunnenka ya saba bambanta kukan yaro da kukar miya ta hawa da saukar murya. Haka "ma" take a Sinanci: da wani sauti uwa ce, da wani doki, da wani kuma zagi. Ka sauke manhajar ƙamus ta Pleco, ka buɗe WeChat (ta hira da biyan kuɗi) da Alipay (ta biyan kuɗi) ka haɗa su da katin bankinka. WhatsApp da Facebook da Google duk a toshe suke a can, saboda haka ka sanya wa iyalinka WeChat tun kafin ka tashi.

Sai zaɓen gari, kuma nan ne galibi ake kuskure. Guangzhou garin kasuwa ne, amma harshen asalin mutanenta Kantonis ne, daban yake da daidaitaccen Sinanci da suke kira Putonghua. Beijing na da jami'ar koyon harsuna da al'adu da aka kafa a 1962, sai dai tsada, ga baƙi masu Turanci ko'ina. Harbin ta yi suna wajen tsaftar lafazi, in kana iya jure sanyin da ke daskarar da kogi. Ni dai Xi'an nake ba Musulmi shawara, tsohuwar hedikwatar daular Tang, inda abincin halal ba ya wahalar samu.

Batun biza gajere ne. Makarantar da ta ɗauke ka za ta turo takardar shiga. Karatun da bai wuce kwana 180 ba, bizar X2 ake nema. Wanda ya haura haka, X1. In ba a otal ka sauka ba, doka ce ka yi rajista wurin 'yan sanda cikin awa 24.

Wurin kwana, ka nemi makaranta ta haɗa ka da wani gida, ko ɗaki da ɗalibi Basine. Ka gaya musu tun ranar farko: "Wo bu chi zhurou", ba na cin naman alade. Ka kuma haddace siffar baƙaƙen nan biyu, 清真, ana karanta su qingzhen. Duk ƙofar gidan abinci da ka gan su, na Musulmi ne.

Daga nan ka raba yininka biyu: safiya aji, yamma titi. Abin da malama ta koyar da safe, ka je ka kashe shi a kasuwa kafin magariba. A unguwar Musulmin Hui ta Xi'an, shiga gidan abinci ka nemi yangrou paomo. Za a miƙo maka kwano da wata gurasa mai tauri, kai za ka zauna ka gutsuttsura ta da yatsu ƙanana-ƙanana kamar ƙwayar wake, sannan a kai kicin a dafa ta da romon rago. Aikin kan ɗauki lokaci, kuma tsohon da ke kusa da kai ba zai rasa tambayar daga ina kake ba. Kada ka zaro waya. Ka ce "Niriliya" (Najeriya) ko "Niri'er" (Nijar), in ya zuba maka magana ka ce "Qing shuo man yidian", don Allah a yi magana a hankali. Ranar Juma'a ka je babban masallacin garin, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 742. Ginin katako ne mai rufi irin na Sinawa, ba za ka ce masallaci ba ne sai ka hango rubutun Larabci. Limami a wurinsu "ahong" ne, sallama kuwa iri ɗaya ce da tamu.

Za a kalle ka, wasu har su nemi hoto da kai. Abin kan gundura, amma duk mai neman hoto malami ne na kyauta na minti biyar.

Ƙarshen mako ka hau jirgin ƙasa mai gudu zuwa Luoyang ko Lanzhou, ka tambayi hanya da bakinka. Kafin ka dawo kuma ka zauna jarrabawar HSK, ta gwada ƙwarewa a Sinanci, ko da mataki na biyu ne ko na uku, domin ita jami'o'in Sin da kamfanoninsu suke tambaya.